Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Hangen Taurari da Fayif ɗin Ruwa da Filawud

Akwai wata 'yar na'urar hangen nesa da ake tallatawa a shagunan intanet, mai siraran ƙafafu uku, an zana duniyar Zuhal da zobenta ƙatoto a jikin kwali, an rubuta wai tana ƙara girma sau 500. Kada ka jefa kuɗinka a ciki. Gilashinta ya yi wa wannan alkawari kaɗan, ƙafafun nan kuma ko tari ka yi kusa da su sai hoto ya kama rawa. Abu biyu ne ke sa na'ura ta yi aiki: faɗin madubin da ke tara haske, da mazaunin da zai riƙe ta daram. Na farkon saye za ka yi. Na biyun kuwa kai da kafintan unguwarku kun isa ku yi wanda ya fi na kanti.

Tsarin da za mu bi na mutum biyu ne. Cikin bututun na Isaac Newton ne, wanda ya ƙera irinsa a Ingila a 1668: babban madubi mai ɗan zurfi a gindi yana tara haske ya mayar da shi sama, ƙaramin madubi a kishingiɗe kusa da baki ya tare shi ya jefo shi gefe, inda idonka yake. Mazaunin kuma na John Dobson ne, wanda ya yaɗa shi a San Francisco ta Amurka tun shekarun 1960. Da gilashin tagogin tsofaffin jiragen ruwa yake goga madubansa, da bututun kwali da ragowar katako yake haɗa sauran, ya fito da su bakin titi ya ce wa masu wucewa su zo su ga wata.

Abin da za ka saya, da abin da za ka guje wa

Nemi madubi mai faɗin milimita 114 da nisan matattara milimita 900. A shagunan intanet za ka ga an rubuta 114/900, kuma galibi ana haɗa shi da ƙaramin madubinsa mai faɗin kusan milimita 25. Nisan matattara shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar madubi da wurin da hasken tauraro ke haɗuwa ya zama ɗigo guda.

Na zaɓi wannan ne saboda dalili biyu. Yana shiga fayif ɗin PVC mai inci 6, wanda ba ya wuyar samu wajen masu kayan famfo. Sannan madubai masu araha kusan dukkansu zurfinsu na ɓangaren ƙwallo ne, ba ainihin lanƙwasar da ake kira farabola ba. A madubi mai wannan faɗi da wannan tsawo, bambancin bai kai ya ɓata hoto ba. Amma idan aka gajarta nisan, sai aibin ya fito fili. Shi ya sa idan ka ga 114/500 ko 150/750 da araha kuma mai sayarwa bai ce farabola ba ne, ka wuce. Za ka ga wata, amma Mushtari, wato duniyar Jupiter, ba zai taɓa fita tsaf ba ko ka kwana kana juya shi.

Madubin ɗaki ko na aski ba za su yi ba, kada ma ka wahalar da kanka. Su a bayan gilashi aka shafa musu abin ƙyalli, na na'ura kuwa alminiyom ne a fuska, kuma kuskuren lanƙwasarsa bai kamata ya kai kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba. Duk zurfin madubin nan a tsakiyarsa bai cika milimita ɗaya ba.

Sai gilashin leƙawa, wato wanda kake ɗora ido a kai. Sayi biyu irin Plössl masu gindin inci ɗaya da kwata: na milimita 25 da na milimita 10. Lissafin ƙarin girma ba wuya: raba 900 da lambar gilashin. Na 25 zai ba ka sau 36, na 10 kuma sau 90. A takarda madubin nan zai iya kai sau 200 da ɗoriya, amma iskar sama ba kasafai take barin ka wuce 150 ba. Idan aljihu ya ja, gilashin leƙawa na tsohuwar abar hangen nesa mai ido biyu da ta lalace yana yin aiki sosai a matsayin na farko. Idan kuma mai sayar da madubin yana da mazurarin da ake soka gilashin a ciki da mariƙin ƙaramin madubi, haɗa da su. Za su rage maka aikin da ya fi cin rai.

Sauran kayan duk na kasuwa ne: fayif mita ɗaya, rabin fallen filawud mai kaurin milimita 18, bol uku na milimita 6 da noti masu kunne, sifirin uku masu tauri, bol ɗaya na milimita 10, sukurori, gam ɗin katako, silikon irin na masu aikin tagar gilashi, guntun fomeka, da fentin allon makaranta.

Fara da awo

Abin da aka rubuta a kwali ba lallai ne ya zama daidai ba; madubin da aka ce 900 yana iya zama 890 ko 915. Jingine shi a bango cikin ɗaki mai duhu. Rufe bakin tocila da kwali mai ɗan rami, ka riƙe farar takarda dab da gefen tocilar, ka haska madubin daga nisan kamar mita biyu. Matsa gaba a hankali, tocila da takarda tare, har hoton ramin ya fito ƙarami tsaf a kan takardar. Auna daga nan zuwa fuskar madubin, ka raba biyu. Wannan shi ne nisan matattararka na gaskiya. Rubuta shi a gefen madubin. Kada ka yi wannan gwaji da rana.

Gadon babban madubi

Yanko faifai biyu na filawud. Na baya ya shiga cikin fayif cif-cif, na gaba kuma daidai faɗin madubin. Ɗora su tare ka huda ramuka uku a tazara ɗaya, kowanne santimita 4 daga tsakiya, sannan ka huda babban rami a tsakiyar kowanne don iska ta riƙa ratsawa. A faifan gaba ka nutsar da kawunan bol ɗin cikin katako don kada su taɓa gilashi, ka like su da gam mai ƙarfi. Zura sifirin a kowane bol, ka ɗora faifan baya, ka ɗaura noti mai kunne. Ramukan faifan baya su ɗan fi bol ɗin faɗi. Yanzu duk notin da ka murɗa, madubi zai ɗan karkata ta wajensa. Da wannan za ka saita na'urar nan gaba.

Wurin like madubin ne mutane da yawa ke ɓata aiki, don suna ganin yawan gam shi ne ƙarfi. Ɗigo uku na silikon kawai ake so, kowanne kamar faɗin ɗan yatsa. Sa ƙusoshi uku a kwance tsakanin katako da gilashi don a sami rata ta milimita biyu ko uku, ka ɗora madubin, ka bar shi ya kwana ya wuni, sannan ka zare ƙusoshin. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani. Idan ka manna gilashin gaba ɗaya a jikinsa, ko ka matse shi da ƙarfe ta gefe, zai murɗe da abin da ido ba ya gani, taurari su riƙa fitowa da kusurwa uku.

Kafin ka sa shi a fayif, yi masa alama a tsakiya. Yanko takarda daidai faɗinsa, ka ninka ta gida huɗu, ka ɗan gutsure tsinin, ka buɗe ka shimfiɗa a hankali, ka ɗiga alƙalamin maka ta ramin. Kada ka ji tsoro. Inuwar ƙaramin madubi ce ke faɗawa a wurin, ba ya cikin aikin tara haske.

Bututu da ƙaramin madubi

Goge cikin fayif da samfefa, ka shafa masa fentin allo sau biyu ta hanyar ɗaura soso a sanda. Baƙin fenti mai sheƙi ba shi da amfani a nan. Santimita 12 daga bakin fayif ka huda ramin mazurari. Idan da hannu za ka yi mazurarin, guntayen fayif biyu da ɗaya ke zamewa cikin ɗaya da ɗan tauri sun isa, muddin sun tsaya a miƙe a jikin bututun, kuma kada su yi tsawo. Wasu suna amfani da mahaɗin famfo mai zare, a riƙa murɗawa yana shiga yana fita, wanda ya fi sauƙin sarrafawa a sau 90.

Mariƙin ƙaramin madubi kuma, yanko guntun sandar mofa gida biyu. Ɗaya ka yanke bakinsa a karkace digiri 45, ka like madubin a kai da silikon, shi ma da 'yar rata. Ɗayan shi ne cibiya: sukuru ɗaya a tsakiya yana jawo guntun farko, ƙanana uku a kewaye suna tura shi. Cibiyar za ta rataya a tsakiyar bututu da siraran ƙarafa uku. Tsohon zarton ƙarfe da aka goge haƙoransa ya dace. A kafa su a tsaye ta yadda kaifinsu ne ke fuskantar sama, don su tare haske kaɗan. Idan ka leƙa ta mazurari, ƙaramin madubin ya kasance a tsakiyar ramin, kewayensa zagaye.

Ga lissafin inda babban madubi zai zauna. Haske yana tafiya daga babban madubi zuwa ƙarami, daga nan ya fita gefe, kuma jimillar tafiyar ita ce nisan matattara. Daga tsakiyar fayif zuwa bayansa santimita 8 ne. Idan mazurarinka ya kai santimita 7 a tsuke, ka ƙara 1 na wasa, ka sami 16. Cire 16 daga 90, saura 74. To fuskar babban madubi za ta kasance kusan santimita 74 daga tsakiyar ramin mazurari.

Na ce kusan, kuma da gangan. Kada ka huda ramin sukuru ko ɗaya tukuna. Tura gadon madubin zuwa wurin, ka tokare shi da guntayen kwali, ka jira dare. Kishingiɗa bututun a kan kujera ya fuskanci wata, kada ka ɗaga shi sosai har madubin ya zame. Sa gilashin 25, ka bar mazurari a tsakiyar tafiyarsa, wani ya riƙa matsar da gadon gaba da baya har wata ya fito tas. Gwada na 10 ma. Sai duka biyun sun kama sannan ka yi alama, ka ɗaure da sukurori uku. Idan da eriyar waya ta bayan gari ka gwada da rana, ka sani abin da ke kusa yana haɗuwa ne a ɗan waje fiye da tauraro, don haka hukuncin ƙarshe na dare ne.

Mazauni

Nan ne ya kamata ka zauna da kafinta ku fahimci juna, don zai so ya yi maka abu mai kyan gani, kai kuma abin da kake nema shi ne wanda ba ya girgiza, ba ya kuma cijewa. A sau 90, duk motsin da bututu ya yi ana ninka shi sau 90 a idonka. Kuma duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka Mushtari zai ratsa filin gilashinka ya fice cikin kamar minti biyu. Dole ka riƙa tura bututun kaɗan-kaɗan kana bin sa. Idan ka tura ya ƙi, ka ƙara ƙarfi ya yi tsalle, kallo ya zama azaba.

Sassa uku ne. Na farko akwati ne mara kai da gindi, tsawonsa santimita 25, wanda bututu ke zura a ciki da ɗan tauri. A gefensa biyu ka kafa faifai biyu masu faɗin santimita 20, cibiyoyinsu a saiti ɗaya, ka like siririn fomeka a kewayen bakinsu. Kada ka rage musu girma. Ƙananan faifai su ne ke sa bututu ya riƙa sunkuyawa da kansa. Zura bututun da dukkan kayansa, har da gilashin leƙawa, ka ja shi gaba da baya cikin akwatin har nauyin gaba da na baya su yi daidai. Wannan ne amfanin akwatin: ko ka canja gilashi mai nauyi, ɗan ja kawai za ka yi.

Na biyu shi ne turken da faifan za su hau. Allo biyu a tsaye, kowanne da yankan rabin wata a kansa, a kan gindi mai faɗin santimita 40. Tsayinsu zuwa cibiyar faifai shi ne tazarar da ke tsakanin cibiyar da ƙarshen notin gindi, ka ƙara santimita 7 don kada wutsiya ta daki ƙasa. Allo na uku ya haɗa su ta gaba, gajere, yadda bututu zai iya kwantawa. Baya a bar shi a buɗe. A sa gam da sukuru duka, ƙusa kaɗai ba ta isa ba. A cikin kowane yankan rabin wata ka kafa ƙananan guntaye biyu masu santsi, tsakaninsu kamar digiri 70, su kaɗai faifan zai taɓa. Teflon, wata irin roba mai tsananin santsi, shi ne na asali. Idan babu, farar robar jarka mai kauri tana kusantarsa, musamman idan an goga kyandir a fomekar.

Na uku faifan ƙasa ne mai ƙafafu uku. Uku, ba huɗu ba, don mai ƙafa uku ba ya rawa ko a kan ƙasa mai tudu da kwari. Like fomeka a ƙarƙashin gindin turke, ka sa guntayen santsi uku a kan faifan ƙasa, kowanne a saitin ƙafa, kan ƙusoshinsu a nutse. Bol ɗin milimita 10 ya ratsa tsakiyarsu. Aikinsa riƙe cibiya ne kawai, kada a ƙulle shi tam. Gwajinsa: tura bakin bututu da yatsa biyu. Ya tafi sumul, ka saki ya tsaya cak. Ka ɗan buge shi, rawar ta mutu kafin ka ƙirga uku. Idan ya yi tauri wajen juyawa, yanko wasal daga robar jarka ka jera a kan bol ɗin tsakiya su ɗauke wani ɓangare na nauyin.

Na'urar ba za ta yi tsayi ba, kujera 'yar tsugunno ce abokiyarta. A zaune ma an fi gani, don kai ba ya lilo.

Saita madubai

Sami murfin roba da ke shiga mazurari, ka huda ɗan rami na milimita biyu a tsakiyarsa daidai, ka shafa fari a cikinsa. Fuskantar da bututun ga bango mai haske ka leƙa. Da farko ka murɗa ƙananan sukurorin ƙaramin madubi har ka ga babban madubi gaba ɗayansa a ciki, alamar da ka ɗiga tana tsakiya. Yi wannan bututu na kwance, don idan sukundireba ta suɓuce kada ta faɗa kan madubi. Daga nan ka koma gindi, ka riƙa murɗa noti masu kunne ɗaya bayan ɗaya har ɗigon nan ya hau kan hoton ramin da kake leƙawa ta ciki. Da mutum biyu ya fi sauri, ɗaya na leƙe, ɗaya na murɗi.

Da dare ka tabbatar. Sa tauraro mai haske a tsakiyar gilashin 10, ka ɗan kauce daga inda ya fi fita. Zai buɗe ya zama zobe da baƙin ɗigo a ciki. Idan ɗigon na tsakiya, ka gama. Idan ya karkata gefe, akwai sauran murɗi.

Don nemo abin kallo, kafa zobba biyu na waya a bayan bututu, ɗaya gaba ɗaya baya, ka saita su a kan hasumiyar masallaci mai nisa tun gari da haske. Za ka ga hasumiyar a kife. Haka wannan tsari yake, ba kuskurenka ba ne, kuma a sama babu wanda ya damu.

Daren farko

Fito da ita rabin awa kafin kallo, madubi ya huce ya yi daidai da iskar waje. Kauce wa kallo ta saman rufin kwano da ya sha rana, don zafin da yake fitarwa yana sa hoto ya yi ta malala. Koyaushe ka fara da gilashin 25, sai ka kama abu sannan ka canja.

Fara da wata yana ɗan kwana shida zuwa tara, ka bi layin da ya raba haske da duhu, inda inuwar duwatsu ke da tsawo. Daren sha huɗu haske ne kawai, ba inuwa. Wajen kwana tara ko goma ramin Copernicus zai bayyana, faɗinsa kimanin kilomita 93, da tsaunuka a tsakiyarsa. Mushtari zai nuna maka ratsi biyu da watanninsa huɗu da Galileo ya gani a Janairun 1610, kuma gobe za ka tarar sun sake jeri. Zuhal a sau 90 ƙarami ne ƙwarai amma zoben a fili yake. Ya juyo mana da kaifinsa a Maris na 2025, yana kuma ƙara buɗewa shekara bayan shekara. Zara tana raguwa tana cika irin na wata. Kaza da 'ya'yanta ta fi kyau a sau 36. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ta nuna maka inda kowanne yake.

Wanda ke Kano ko Zinder yana da wata dama da 'yan arewacin Turai ba su da ita. Cikin Afrilu da Mayu, can ƙasa-ƙasa ta kudu, dunƙulen taurarin Omega Centauri yana ɗagowa kusan digiri 30 daga doron ƙasa. Sai dai hazo na iya ɓoye shi. Da hunturu ƙura tana kashe abubuwa masu dishi-dishi, ko da yake wata da Mushtari suna ratsa ta. Sama ta fi tsabta bayan an ɗauke ruwan sama, da kuma ƙarshen damina.

Rana kuwa, kada ka kuskura. Madubin nan yana tara haske fiye da sau 250 na abin da ƙwayar idonka ke tarawa, kafin ka ƙifta ya ƙone ganinka har abada. Baƙin gilashi ko fim ɗin asibiti ba kariya ba ne. Masu son duban jinjirin watan azumi da ita su jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin su juya bututu yamma, kuma kada a bar ta a tsakar gida da rana yara na kusa. Zafin ma yana lanƙwasa fayif.

Idan ka gama, rufe baki da gindi da hular leda ko murfin bokiti, ka toshe mazurari, ka ajiye bututun a kwance. Ƙura za ta shiga duk da haka, kuma ƙurar da za ta tayar maka da hankali idan ka haska tocila ba ta rage komai a kallo. Kada ka goge da tsumma, ko da gefen riga. Sai ta yi kauri sosai sannan ka ciro gadon, ka kwarara wa fuskar madubin ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke ba tare da jiƙa katakon ba, ka ɗauraye da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, wanda ba shi da asid, ka jingine shi a tsaye ya bushe da kansa. Bayan ka mayar da shi sai ka sake saiti.